Jihadi: ma'anarsa, sharuɗɗansa, da masu jingina kansu ga Shehu

Ɗan Augie:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Wani musu ne ya ƙi ƙarewa tsakanin samarin yankinmu, na ga gara a kawo shi gaban masu karatu. Wasu na cewa jihadi yaƙi da son zuciya ne kawai, maganar takobi ƙagen maƙiya ce. Wasu kuma na cewa jihadi yaƙi ne tsantsa, duk wanda ya faɗi wani abu daban tsoro ke damunsa. Ana cikin haka sai ga mutanen nan da ake kira Lakurawa, suna shiga ƙauyuka da bindiga, su tara jama'a wa'azi, su kore shanu da sunan zakka. Har yara sun fara cewa ai haka Shehu Usmanu ya fara, shi ma daga daji ya fito ya kayar da sarakuna.

Ina roƙon a warware mana. Me kalmar ta ƙunsa a shari'a? Wa ke da ikon kiran yaƙi, kuma me aka haramta a cikinsa? Sannan samarin da ke kwana gadin gari saboda ɓarayin daji, me ake kiran aikinsu a littafi? Don Allah a kawo hujja, ban da zagi.

Malamin Zaure, Gummi:

Wa alaikumus salam. Kowane ɓangare ya riƙe gefe guda ya saki ɗaya.

Jihadi ya girmi izinin yaƙi. A Suratul Furƙan, aya ta 52, Allah ya umurci Annabi (SAW) ya yi jihadi babba da kafirai "da shi", kuma malaman tafsiri sun ce Alƙur'ani ake nufi. Surar a Makka ta sauka, lokacin da ba a yarda musulmi ya zare takobi ba. Shekara 13 aka yi a haka. An kashe Sumayya, an ɗora wa Bilal dutse a rana, amma umurnin da ake ba su shi ne wanda Suratun Nisa'i, aya ta 77, ta tunatar da su daga baya: ku kame hannuwanku, ku tsai da salla, ku ba da zakka.

Izini ya zo bayan hijira, a Suratul Hajji, aya ta 39 da 40, kuma an faɗi dalili a fili: an zalunce su, an kore su daga gidajensu don sun ce Allah ne Ubangijinsu. Aya ta 40 ta lissafa wuraren da za a rusa da Allah ba ya kare wasu mutane da wasu, sai ta ambaci ɗakunan ibadar ruhubanawa da coci-coci da majami'un Yahudawa kafin ta kai ga masallatai. Daga nan Baƙara 190: ku yaƙi waɗanda ke yaƙarku, kada ku ƙetare iyaka. Sai ayoyin Tauba, ta 5 da ta 29, a shekara ta 9, waɗanda suka fi kowaɗanne tsanani.

Nan ne malamai suka rabu, kuma bai kamata a ɓoye ba. Wasu magabata sun ce ayoyin Tauba sun shafe na sulhu da haƙuri. Wasu sun ce ba a shafe komai ba, kowace aya tana aiki idan halinta ya samu. Shi ya sa har yau ake kafa hujja da Anfal 61, idan sun karkata ga zaman lafiya kai ma ka karkata, da Mumtahana 8, wadda ta ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, ku yi musu adalci. Na biyun ya fi dacewa da abin da Annabi ya aikata, domin bai daina ƙulla alkawari da ƙabilu ba har ya koma ga Allah.

Yaƙoƙin kansu sanannu ne. Badar, 17 ga Ramadan shekara ta 2, musulmi ɗari uku da 'yan kai a gaban Ƙuraishawa wajen dubu. Uhudu a shekara ta 3, inda maharba 50 da aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair suka sauko neman ganima, in ban da kaɗan, Halidu ɗan Walid ya zagayo ta baya, aka yi shahidai 70. Ku riƙe wannan, don ganima ce za ta riƙa dawowa cikin tarihin nan. Handaƙ a shekara ta 5, Hudaibiyya a ta 6, buɗe Makka a ta 8, Tabuka a ta 9 wadda ba a ma gwabza ba.

Game da rabe-rabe, Ibnul Ƙayyim ya kai su mataki 13. Huɗu na yaƙi da rai: ka nemi ilimi, ka yi aiki da shi, ka koyar, ka jure wahalar koyarwar. Biyu na yaƙi da Shaiɗan: ture shubuha da yaƙini, ture sha'awa da haƙuri. Huɗu a kan kafirai da munafukai: da zuciya, da harshe, da dukiya, da jiki. Uku a kan azzalumai da masu ɓarna: da hannu ga mai iko, da harshe, da zuciya. Ya kuma ce wanda bai ci ransa da yaƙi ba, ba zai iya da maƙiyin waje ba.

Sai dai samarin ɓangare na farko su daina kafa hujja da "mun dawo daga ƙaramin jihadi zuwa babba". Malaman hadisi sun raunana shi, Ibnu Hajar ya ce maganar Ibrahim ɗan Abi Abla ce. Ba su ma buƙatarsa. Tirmizi ya ruwaito cewa mujahidi shi ne wanda ya yaƙi ransa. Buhari da Muslim sun kawo mutumin da ya nemi fita yaƙi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce e, ya ce to a cikinsu za ka yi jihadinka. An gaya wa Nana A'isha cewa hajji karɓaɓɓe shi ne jihadin mata. Akwai kuma na faɗin gaskiya a gaban shugaba azzalumi, wanda aka kira mafificin jihadi.

Amma idan ka buɗe littafin fiƙihu ka ga "babin jihadi", to yaƙi ake nufi. Wanda ya musa wannan bai buɗe ba ne.

Almajirin Risala, Jega:

Allah ya saka wa Malam. Bari in ɗauko daga babin da ya tsaya, a mazhabar Malikiyya tunda ita ake karantawa a zaurukanmu.

Risala ta Ibnu Abi Zaid ta buɗe babin da cewa jihadi farilla ce da wasu ke ɗauke wa wasu, wato farali kifaya. Yana komawa farali aini idan maƙiyi ya afka wa gari, ko shugaba ya ayyana mutum da kansa. A halin kifaya, ɗa ba ya fita sai da izinin iyaye, kuma an ɗauke wa makaho da gurgu da majinyaci, kamar yadda Suratul Fathi 17 ta faɗa. Idan an afka wa gari kuwa ba a jiran izinin iyaye.

Ragamar yaƙi tana hannun shugaba. Hadisi ya kira shi garkuwa, a bayansa ake yaƙi. Risala ta ce ana yaƙi tare da shugaba nagari ne ko fajiri, kuma dalilin a fili yake: in aka bar wa kowa ya auna nagartar shugaba sannan ya kafa tasa tuta, kowane mai bindiga goma ya zama amir. Shugaba ne ke duba ƙarfi. Gudu daga fagen fama babban zunubi ne idan maƙiya ba su wuce ninki biyu na musulmi ba, idan sun wuce babu laifi a janye. Shi ne kuma ke ƙulla sulhu. A Hudaibiyya an ajiye makami shekara 10 bisa sharuɗɗan da suka yi wa sahabbai ɗaci, har aka mayar da Abu Jandal cikin mari ana ji ana gani.

Alkawari ba a wasa da shi ko kaɗan. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun faɗa hannun Ƙuraishawa, aka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Ga Badar ta zo, ga ƙarancin mutane, amma ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. Idan ana tsoron ha'inci daga waɗanda aka yi sulhu da su, Anfal 58 ta ce a sanar da su a fili an warware, ba a yi musu kwanton ɓauna cikin amana. Wanda ya kashe mai alkawari ba zai ji ƙanshin aljanna ba, wannan a Buhari yake. Kuma amanar da mafi ƙanƙantar musulmi ya bayar, ko da mace ce, tana hawa kan sauran.

Waɗanda ba a kashewa: mata da yara, sai in sun ɗauki makami, ruhubanawa da suka keɓe, tsoho tukuf. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abi Sufyan, lokacin da ya tura shi Sham, tana cikin Muwaɗɗa. Ban da rayuka, ta hana sare itace mai 'ya'ya, da rushe gari, da yanka akuya ko raƙumi in ba don ci ba, da ƙona ƙudan zuma, da satar ganima. Ibnu Rushdi ya bayyana tushen saɓanin: shin kafirci ne ke halatta jinin mutum a yaƙi, ko kasancewarsa mai iya yaƙi? Malik da Abu Hanifa sun tafi a kan na biyu, shi ya sa ake barin wanda ba ya yaƙi.

Ganima ma da lissafinta. A tara ta wuri guda, shugaba ya cire humusi, ɗaya cikin biyar, a raba kashi huɗu ga waɗanda suka halarta. Mai yaƙi a ƙasa rabo ɗaya, mai doki uku, biyu na dokin ɗaya nasa. Wanda ya soke ko allura kafin rabo ya yi gululu, wato satar ganima.

Littattafan nan sun yi maganar fita neman maƙiyi har ƙasarsa, da jizya, da bayi, kuma an aikata su a zamanin Umayyawa da Abbasiyawa da Usmaniyawa. An rubuta su ne a duniyar da asalin zama tsakanin dauloli yaƙi ne sai in an yi sulhu. Da yawa cikin malaman wannan zamani suna ganin tun da ƙasashen musulmi suka shiga yarjejeniyoyin duniya bayan 1945, sauran ƙasashe sun zama masu alkawari, abin da ya rage shi ne kare kai.

Ɓarna mafi daɗewa kuwa ita ce ta Hawarijawa. Sun kafirta mai zunubi, daga nan jinin musulmi ya halatta a wurinsu. Sun yanka Abdullahi ɗan Habbab, ɗan sahabi, Sayyidina Ali ya yaƙe su a Nahrawan shekara ta 38, ɗayansu ya kashe shi a ta 40. Usama ɗan Zaid ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a bakin takobi, Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Duk ƙungiyar da ta fara da kafirta jama'a, daga Maitatsine a Kano 1980 zuwa Boko Haram, musulmi ne mafi yawan waɗanda ta kashe.

Ɗan Augie:

Na gode, Allah gafarta malamai. Amma ga inda yaran ke kama mu. Sun ce in sai da izinin shugaba, wane shugaba ne ya ba Shehu izini? Ai Yunfa ne Sarkin Gobir a lokacin, kuma yana salla.

Baba na Gwandu:

Ɗana, tambayar tana da nauyi, kuma tun Shehu na raye anka yi ta. Amma a fara da abin da ya faru, bi da bi.

An haifi Shehu a Maratta 1754, ya tashi Degel, ya fara wa'azi yana da shekara ashirin. Tsakanin fara wa'azi da harba kibiya ta farko shekara 30 ne. Cikinsu ya zagaya ƙasar Kabi, ya zauna Zamfara wajen shekara biyar yana karantar da tauhidi da alwala da gado, maza da mata, har malamai sunka zarge shi da haɗa su wuri guda. Malaminsa Jibrilu ɗan Umar yana kafirta masu manyan zunubai, Shehu ya rubuta ya saɓa mishi a kan wannan, tare da girmama shi. Wanda ke son jingina kafirta jama'a ga Shehu ya fara da wanga wuri.

Wajen 1788, a sallar layya a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi tasa ba, ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsawa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Nafata, da ya hau sarautar Gobir daga baya, shi ne ya juya, ya sa anka yi shela a kasuwanni cewa ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji musulunci ba ya koma addinin ubansa, a cire rawani, mata su cire lulluɓi. Duk da haka ba a shiga yaƙi ba. Sai zamanin Yunfa anka afka wa Gimbana, inda Abdussalami, almajirin Shehu, ya koma da mutanensa, anka kwaso musulmi bayi. Da anka biyo da su kusa da Degel, Jama'a, wato mabiyan Shehu, sunka kwance su. Yunfa ya ce Shehu ya fita ya bar mutanensa, Shehu ya ce da su zai tafi.

Hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804. Can ne malamai da shugabannin Jama'a sunka yi mishi mubaya'a, ya zama Amirul Muminina. Wagga ita ce amsar Shehu ga tambayarku: bai yi yaƙi ba sai da anka yi hijira, anka naɗa shugaba a fili, anka naɗa alƙali da amirul jaishi, wato shugaban runduna, kuma rundunar Gobir ce ta biyo su. Tabkin Kwatto, Yuni 1804, Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta, anka ci nasara. Hujjarsa a kan Yunfa kuwa ba zunubi ba ce, cewa ya yi sarkin da ke hana mutane shiga musulunci, yana yaƙar masu kira, ya fita daga hukuncin shugaban da ake yi wa ɗa'a. Ana iya muhawara da hujjar, an kuma yi, amma a rubuce take, da sunan mai ita.

Yanzu abin da ba a cika faɗi a wa'azi ba. Bayan Kwatto wuya ta biyo. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an rasa wajen mutum 2000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Wato malaman da sunka san sharuɗɗa ne sunka fara ƙarewa, masu shigowa daga baya da yawa ganima ta kawo su. Ga yunwa. Jama'a sunka koma Sabon Gari cikin Zamfara a 1805, domin Zamfarawa na da tsohuwar ƙiyayya da Gobir tun da ta rusa Birnin Zamfara. Ba a daɗe ba masu neman abinci sunka riƙa ƙwace hatsin mutanen da sunka sauke su, Zamfarawa sunka juya baya. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, da kansa ya rubuta cewa zaluncin mutanensu ne ya jawo haka.

A shekarar dai anka ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, anka naɗa Usman Masa a madadinsa, Shehu ya dawo Gwandu. Kafin yaƙin Alwasa rundunar ta wawashe wani gari da ke zaman amana da Jama'a, Abdullahi da Bello sunka yi ta hani ba a saurare su ba. A Alwasa anka sha kashi, an rasa wajen mutum 1000, Usman Masa ya koma wancan gefe, har maƙiya sunka iso bakin Gwandu kafin a kore su. Jagororin ba su ɗora laifin a kan ƙaddara kawai ba, sun ce saɓon runduna ne.

A 1807 abin ya ishi Abdullahi, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Kanawa sunka tsai da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya komo. Waƙoƙinsa na Larabci na wannan lokaci suna kuka da mutanen da burinsu sarauta da tara ƙwaraƙwarai da tufafi da dawakin sukuwa cikin gari, da masu sayar da 'yantattun mutane bayi a kasuwa. Wanga ƙanen Shehu ne, wazirinsa, kuma ɗaya daga manyan kwamandojinsa.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, anka kashe Yunfa. A 1812 Shehu ya raba aiki, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi ya koma karantarwa da rubutu har rasuwarsa a 1817. Ko shekara ba a yi ba Abdussalami, wanda saboda mutanensa anka fara rikicin, ya yi tawaye a Kware yana ƙorafin rashin adalci, anka yaƙe shi ya rasu. Kabawa kuma ba su taɓa kwantawa ba. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya tayar da Argungu a 1849, anka yi ta gwabzawa har sai da anka ƙulla Lafiyar Toga a 1867, sulhun da ya riƙe wajen shekara takwas. Ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934, wadda bikin kamun kifi ya samo asali daga gare ta, ita ta rufe wannan gaba.

To a auna. Ina shekara 30 na karantarwar mutanen daji? Ina littattafansu, ina alƙalinsu da talaka zai kai ƙarar kwamanda? Wa ya hana su salla ko rawani a Kebbi?

Malama daga Gusau:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina son in ƙara abu biyu, don kada yaran su ɗauka duk malaman wancan zamani sun yi ittifaƙi.

'Yandoto, nan kusa da Tsafe, tsohon garin malamai ne tun kafin a haifi Shehu, kuma ba su karɓi kiransa ba. Wajen 1806 Bello ya zo ya nemi su fito da littattafansu a yi muƙabala, suka ƙi, aka ci garin. Har gobe masana tarihi na tattauna wannan. Na biyu shi ne Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno. Da aka ci Ngazargamu, babban birnin Barno, ya rubuto yana tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Ya ce yanka a gindin itatuwa, da fitar mata ba lulluɓi, da cin hanci, da cin dukiyar maraya duk saɓo ne, akwai irinsu a Masar da Sham, malaman can ba su kafirta kowa ba. Bello ya amsa cewa ba don zunubi ba ne, don Mai na Barno ya taimaki sarakunan Hausa a kan Jama'a ne. Abin lura shi ne Bello ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa cikin Infaƙul Maisuri, ya bar wa na baya su karanta su yi hukunci. A nawa ganin al-Kanemi ya fi ƙarfi a batun Barno, kuma faɗin haka ba ya rage wa Shehu komai.

Haka a 1903 da Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari ya zauna da jama'ar da ba su iya tafiya, ya rubuta hujjarsa. Ba wanda ya fitar da ɗayansu daga musulunci.

Kuma aikin da ya fi daɗewa cikin jihadin nan ba na takobi ba ne. Nana Asma'u ta naɗa jajis, wato mata jagororin karatu, tana ba su malfa, su zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu cikin waƙa su koma su koyar da mata. Wannan tsari na 'Yan Taru yana nan har yanzu.

Almajirin Risala, Jega:

Saura tambayar ƙarshe ta Ɗan Augie, ta masu gadin gari.

Wanda ya tare hanya ko ya shiga gari da makami don ƙwace dukiya ko satar mutane, sunansa muharibi, babinsa hiraba, ayarsa Ma'ida 33. Ko ya yi wa'azi kafin ya kore shanun, hukuncin bai canja ba. Zakkar da suke faɗa ma ba ta hau ƙa'ida ba. Shanu ba su da zakka sai sun kai 30, a ba da maraƙi ɗaya. A 40 saniya ɗaya da ta cika shekara uku. Awaki da tumaki sai sun kai 40, a ba da ɗaya. Sau ɗaya ne a shekara, ba a zaɓen mafi kyau cikin garke, kuma masu cin ta kashi takwas ne da Tauba 60 ta lissafa. Wanda ya kore rabin garke, ko ya dawo bayan wata uku, fashi ya yi.

Mai tsaron gari kuwa yana babin ture mai kawo hari. Wani ya tambayi Annabi: in mutum ya zo ƙwace dukiyata fa? Ya ce kada ka ba shi. In ya yaƙe ni? Ka yaƙe shi. In ya kashe ni? Kai shahidi ne. In na kashe shi? Yana wuta. Muslim ya kawo shi. Wata ruwayar ta ƙara wanda aka kashe wajen kare iyalinsa da jininsa da addininsa. Wannan ba ya jiran shelar kowa a lokacin da harin ke kai.

Amma yana da iyaka, kuma nan ake zamewa. Malikiyya sun ce in da hali a fara gama shi da Allah ya koma, in ya riga ya buɗe wuta wannan ya faɗi. Ana ture shi da mafi sauƙin abin da zai ture shi. Wanda aka kama da rai hukuma ake miƙa wa, domin haddi aikin shugaba da alƙali ne, ba na wanda ya kama ba. Fita bin sawu cikin daji kuma ya wuce kare kai, yana buƙatar izini da jagorancin hukuma. Mafi muni shi ne kama mutum a kasuwa don kamanninsa ko yarensa, ko ƙona ruga don ɓarawo ya fito daga wannan shiyya. Wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma wanda ya kashe marar laifi ƙisasi ke kansa ko da rigar sa-kai ya sa. Mutanen Zamfara sun san yadda irin wannan kisa ya tura 'yan'uwan mamata daji, ramuwa ta haifi ramuwa.

Batun sulhu da ɓarayin daji, Ma'ida 34 ta yi magana a kan wanda ya tuba kafin a kama shi. Risala ta fayyace: haƙƙin Allah, wato haddin hiraba, shi ke faɗuwa. Haƙƙin mutane yana nan. Shanun da ya kore sai ya mayar ko ya biya, kuɗin fansa haka, jinin da ya zubar kuma magadan mamaci ne ke da zaɓin yafewa ko neman ƙisasi a gaban alƙali, ba wanda ya zauna teburin sulhu ba. Wanda aka ci ƙarfinsa aka kama shi kafin ya tuba, wannan rangwamen bai shafe shi ba.